Kakar Farko ta Saquon Barkley: Yadda Ake Auna Sabon Mai Gudu da Ƙwallo

A ranar 26 ga Afrilu, 2018, ƙungiyar New York Giants ta yi amfani da gurbi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ta ɗauki Saquon Barkley daga jami'ar Penn State. Shekarunsa 21 a lokacin, aikinsa kuwa gudu da ƙwallo. Da kakar wasa ta ƙare a watan Disamba, babu ɗan wasa ko ɗaya a gasar, tsoho ko sabo, da ya kai shi yawan yadin gudu da na cafka a haɗe, wato 2,028, aka kuma ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasan kai hari. Ƙungiyar tasa kuwa wasa 5 kacal ta ci cikin 16, ta ƙare a ƙasan rukuninta. Tun daga lokacin masana wasan suka rabu biyu. Wasu na ganin kakar tana cikin mafi kyawu da wani sabon shiga ya taɓa yi, wasu kuma na ganin ita ce babbar shaida cewa bai kamata a ɓatar da gurbi mai daraja a kan mai gudu ba, komai gwanintarsa.

Gardamar ba ta fahimtuwa sai an san aikin da ake magana a kai. Wasan ya fi dogara da hannu bisa ƙafa, ana kuma buga shi a fili mai tsawon yadi 100. Yadin shi ne dai wanda tela ke auna atamfa da shi, santimita 91 da 'yar ɗoriya. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta yi, a sake ba ta wasu huɗu, in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo a hannunsa ya samo wa ƙungiyarsa maki 6, shi ne babban ci a wasan. Hanyar matsawa gaba biyu ce. Ko dai jagoran hari, wanda ake kira kwatabak, ya jefa wa wani ƙwallo ya cafke, ko ya miƙa ta ga mai gudu da ke tsaye a bayansa, shi kuma ya nemi kafar da ƙarti biyar na katangar gaba suka buɗe masa ya kutsa kafin a kayar da shi. Mai gudu yana da wasu ayyuka biyu da 'yan kallo ba su cika lura da su ba: yakan fita ya cafki jifa, yakan kuma tsaya ya tare ɗan bayan da ya kubce wa katanga yana neman kwatabak.

Zaɓen sababbin 'yan wasa kuwa an tsara shi ne don a tallafi raunana. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye ita ke fara zaɓa. Giants ta samu gurbi na biyu saboda a 2017 wasa 3 ta ci, ta sha kashi a 13. Irin wannan gurbi ba kowace shekara yake samuwa ba, kuma tsadarsa ita ce baƙin cikin kaka guda cur. Shi ya sa tambayar abin da aka yi da shi take da zafi a wurin magoya baya.

Masu yabon Barkley sukan fara da alƙaluma, kuma suna da abin nunawa. An miƙa masa ƙwallo sau 261 ya yi gudun yadi 1,307, wato yadi 5 a kowace ɗauka, Ezekiel Elliott na Dallas Cowboys ne kaɗai ya fi shi a shekarar da yadi 1,434. Ya cafki jifa 91 da suka ba da yadi 721, ya kawar da tarihin jifa 88 da Reggie Bush ya kafa a 2006 a tsakanin sababbin masu gudu. Ya tsallaka layin ƙarshe sau 15, sau 11 da gudu, sau 4 da cafka. Kafin shi sababbin shiga biyu ne kawai suka haura yadi 2,000 a kakar farko, Eric Dickerson a 1983 da Edgerrin James a 1999, dukansu kuma a yau suna cikin zauren girmamawa na wasan da ke Canton a jihar Ohio. A wasa 13 daga cikin 16 ya tara yadi 100 ko fiye. Akwai kuma wata ƙididdiga da masu horarwa suka fi daraja ta a kan duk waɗannan: ƙwallo ta shiga hannunsa sau 352, ba ta suɓuce masa ko sau ɗaya ba. Sabon ɗan wasan da ke sakin ƙwallo yakan tsinci kansa a benci komai saurinsa, domin suɓucewa ɗaya tana iya shafe aikin rabin awa.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ita ce yanayin da ya yi wannan aiki a ciki. Katangar gaban Giants ta 2018 ba abin alfahari ba ce. An kayar da kwatabak ɗinta, Eli Manning, sau 47 kafin ya saki ƙwallo, an kuma sallami Ereck Flowers, wanda ya fara kakar a matsayin ɗaya daga cikin ƙarti biyar ɗin, tun a watan Oktoba. Manning kansa yana da shekara 37, hannunsa ya soma sanyi, abokan karawa sun san ba ya yawan jifa mai nisa, sai suka riƙa matso da mutanensu kusa da layi don jiran Barkley. Ƙadangare ba ya shiga sai bango ya tsage, haka mai gudu ba ya wucewa sai katanga ta buɗe masa kafa. Abin da ya bambanta Barkley a wannan kaka shi ne sau da yawa ana taɓa shi tun kafin ya kai layin da aka tashi, amma ya goce, ya juya, ko ya tsallake mutum ya ci gaba. Mutum ne mai nauyin laba 233, kusan kilo 106, wanda a gwajin da aka yi kafin zaɓe ya gama gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.40. Samun wannan nauyi da wannan sauri a jiki ɗaya abu ne mai wuya ƙwarai. Wasan da aka yi da Philadelphia Eagles a mako na shida ya nuna haka a fili: ya yi gudun yadi 130 a ɗauka 13, ya ƙara yadi 99 na cafka, duk da haka Giants ta sha kashi 34 da 13. Masu yabo na cewa babu adalci a ɗora wa mutum ɗaya laifin abin da mutum 21 da ke fara wasa tare da shi suka kasa yi.

Suna kuma nuna cewa harin ƙungiyar ya inganta ƙwarai. A 2017 maki 246 ta samu, a 2018 ta samu 369, fiye da kowace ƙungiya a rukuninta. Inda aka samu tangarɗa shi ne baya, domin an zura mata maki 412. Barkley ba ɗan baya ba ne.

Masu suka, abin lura, ba su cika musun gwanintar Barkley ba. Tambayarsu ita ce: nawa ne daga cikin waɗannan yadi ya zama nasara, kuma nawa aka biya?

Farkon abin da suke dubawa shi ne yadda yadin suka rarrabu. Matsakaicin yadi 5 a kowace ɗauka yana iya ɓoye abubuwa biyu mabambanta. Akwai mai gudun da ke kawo yadi 4 ko 5 ko 6 kusan kowane lokaci, akwai kuma wanda ke kawo 1, 2, 0, sannan 60. Wasan Barkley na farko, da Jacksonville Jaguars, misali ne da ba ya buƙatar ƙarin bayani. Ya yi yadi 106 a ɗauka 18, amma 68 daga ciki a gudu ɗaya suka zo. Sauran ɗauka 17 sun ba da yadi 38, wato yadi 2 da ɗan kaɗan kowace. Giants ta faɗi 20 da 15. Tunda dokar wasan ta ce a nemo yadi 10 cikin dama huɗu, kowace ɗauka mai yadi 1 ko 2 tana jefa ƙungiya cikin halin da dole ta yi jifa mai nisa, abokan karawa kuma sun san da haka. Dogon gudu ɗaya yana ba da maki 6, amma ba ya dawo da hare-hare biyar da suka mutu a baya. Saboda wannan ne masu nazarin alƙaluma suka ƙirƙiro ma'aunin da ke ƙidaya sau nawa ɗauka ta kawo abin da ake buƙata a daidai wannan hali, maimakon jimillar yadi. A wannan ma'auni Barkley na 2018 bai yi fice kamar yadda ya yi a jimilla ba. Masu sukar suna danganta hakan da wata ɗabi'a tasa: maimakon ya sunkuya ya karɓi yadi 3 da ke gabansa, yakan tsaya yana neman babbar kafa, ko ya karkata gefe, wani lokaci ya dace, wani lokaci a kayar da shi a bayan layi.

Cafka 91 ɗin ma suna karanta ta da wani ido. Yadi 721 a raba gida 91 ya ba da ƙasa da yadi 8 kowace, kuma yawancinsu gajerun jifa ne da Manning ke yi don tsira in an matsa masa. A mako na biyu, da Dallas, Barkley ya cafki jifa 14, abin da babu ɗan wasan Giants da ya taɓa wucewa a wasa guda kafin nan, amma yadi 80 suka bayar, gudunsa kuma yadi 28 ne a ɗauka 11. An tashi 20 da 13, Dallas ce da nasara. Jifar yadi 5 a lokacin da ake neman 12 tana shiga littafin ƙididdiga a matsayin cafka, amma ƙwallo ta koma hannun abokan karawa duk da haka. A nan masu suka sun fi gaskiya. Yawan cafkar ya nuna ƙwarewar hannun Barkley, ya kuma nuna raunin harin da ba ya iya kai ƙwallo nesa, kuma kuskure ne a lissafa na farko a manta da na biyu.

Babbar hujjarsu dai ita ce ta farashi. A wannan shekara ta 2018 ɗin, Cleveland Browns ta ɗauki Nick Chubb a gurbi na 35, ya yi yadi 996 a ɗauka 192. Phillip Lindsay kuwa babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a zagaye bakwai na zaɓen. Denver Broncos ta ɗauke shi daga baya a kan mafi ƙarancin albashin sabon shiga, dala 480,000 a shekara, ya yi yadi 1,037, shi ma a ɗauka 192. Dukansu biyu sun fi Barkley matsakaicin yadi a kowace ɗauka. Kwantiragin Barkley kuwa na shekara huɗu ne a kan dala miliyan 31.2, duka tabbatattu, abin da ya sa shi cikin masu gudu mafi tsada a gasar tun kafin ya taka fili. Gasar NFL tana ƙayyade kasafin albashin da kowace ƙungiya za ta iya kashewa, a 2018 dala miliyan 177.2 ne. Tun wata yarjejeniya da aka yi a 2011 kuma albashin sabon shiga yana bin gurbin da aka zaɓe shi, ba aikin da yake yi ba. Ma'anar haka ita ce, wanda ya ɗauki kwatabak a gurbi na biyu ya samu mutumin da kasuwa ke sayarwa da tsada a farashi mai rahusa har shekara huɗu, wanda ya ɗauki mai gudu kuwa ya biya farashin kasuwa ko fiye.

Misalan da suke kawowa sun wuce shekara ɗaya. Terrell Davis a zagaye na shida aka ɗauke shi a 1995. Alfred Morris ma zagaye na shida ne a 2012, ya yi yadi 1,613 a kakar farko a Washington, ƙarƙashin Mike Shanahan, kocin da shi ma Davis ya yi suna a hannunsa. Kareem Hunt, ɗan zagaye na uku, shi ya fi kowa yadin gudu a 2017. A 2018 Le'Veon Bell ya ƙi buga wa Pittsburgh Steelers kakar gaba ɗaya saboda rikicin albashi, James Conner ya maye gurbinsa ya yi yadi 973 a wasa 13. Abin da suke so a gani shi ne cewa katanga da tsarin koci su ne ke samar da mafi yawan yadin gudu, wanda aka tsayar a bayansu kuwa ana iya samunsa a arha. Sannan gudu kansa ba shi ne ginshiƙin wasan zamani ba: matsakaicin ɗauka a gasar bai wuce yadi 4 da ɗoriya ba, matsakaicin jifa kuwa ya kai kusan 7.

Daga nan sai maganar waɗanda aka bari. Giants na da kwatabak mai shekara 37, zaɓen 2018 kuma cike yake da masu jifa. Bayan Barkley an ɗauki Sam Darnold a gurbi na 3, Josh Allen a na 7, Josh Rosen a na 10, Lamar Jackson a na 32. Jackson ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2023, Allen a 2024. Ko da ba a son kwatabak, akwai Quenton Nelson, ɗan katangar da Indianapolis Colts ta ɗauka a gurbi na 6, wanda ya shiga sahun fitattu tun kakarsa ta farko, a daidai wurin da Giants ke da rauni. Babban manajan Giants, Dave Gettleman, ya yi watsi da wannan lissafi a bainar jama'a a daren zaɓen, ya ce shi ɗan wasa yake gani, ba darajar gurbi a kan takarda ba. Shekara ɗaya bayan haka ya ɗauki kwatabak Daniel Jones a gurbi na 6.

Wannan hujja ta ƙarshe tana da rami a cikinta, masu yabo kuma sun gano shi. Kwatabak ɗin da ake ta kira ga Giants ta ɗauka a watan Afrilun 2018 ba Allen ba ne, ba kuma Jackson ba, Darnold ne. Shi kuwa ya yi shekara uku a New York Jets ba tare da ya gamsar ba, aka sayar da shi ga Carolina. Rosen shekara ɗaya ya yi a Arizona aka rabu da shi. Ƙungiyoyi da dama sun tsallake Jackson, har da wadda ta ɗauke shi, domin ta zaɓi wani kafin shi a wannan zagayen. Auna shawarar 2018 da abin da ya bayyana a 2024 ba adalci ba ne. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne Giants ta zaɓi tabbataccen ɗan wasa a aiki mai ƙaramin tasiri, ta bar cacar da in ta ci za ta gyara ƙungiya shekara goma, in ta faɗi kuma a koma gidan jiya. Mutane masu hankali suna iya saɓawa a kan wannan.

Misalin Lindsay da Chubb ma yana da iyaka. Lindsay jifa 35 ya cafka a 2018, Chubb 20, su biyun a haɗe ba su kai Barkley ba. Ɗauka 192 ba daidai take da taɓa ƙwallo sau 352 ba, domin matsakaici yakan sauka in nauyi ya ƙaru, abokan karawa kuma ba sa tsara makonsu a kan mutumin da ba su jin tsoronsa. Lindsay ya sake haura yadi 1,000 a 2019, daga nan tauraronsa ya dushe. Kuma duk wanda ya ambaci Davis da Morris ya kamata ya tuna ɗimbin masu gudun da aka ɗauka a zagaye na shida waɗanda ba su taɓa fara wasa ba. Sai dai wannan amsa ba ta rushe hujjar farashin ba, rage mata kaifi kawai ta yi. Chubb ya ci gaba da zama ɗaya daga cikin masu gudu mafi kyau a gasar har shekaru, gurbi 33 a bayan Barkley.

Akan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma kakar farko ta mai gudu ba koyaushe take faɗin gaskiya ba. Trent Richardson, wanda Cleveland ta ɗauka a gurbi na 3 a 2012, ya yi yadi 950 ya kuma tsallaka layi sau 11 da gudu a shekarar farko, adadi ɗaya da na Barkley. Waɗanda suka tsaya a nan sun ɗauka an samu tauraro. Matsakaicinsa kuwa yadi 3.6 ne, alamar da ta nuna cewa yawan ɗauka ne ya tara masa yadin. Indianapolis ta ba da gurbin zagayen farko ta saye shi a 2013, bai kuma taɓa farfaɗowa ba. Elliott ya zo da akasin matsalar: a 2016 ya yi yadi 1,631 a kakar farko, Dallas ta ci wasa 13, amma a bayan katangar da ke da Tyron Smith, Travis Frederick da Zack Martin, wadda ake ɗauka mafi ƙarfi a gasar a lokacin, har ya zama da wuya a raba nasa da nasu. Yawan ci ma yana ruɗi, domin wanda ake miƙa wa ƙwallo a yadi 1 daga layin ƙarshe zai tara maki ko da wasu ne suka kawo ta nan.

Saboda haka masu tantance 'yan wasa suke neman abin da ya rage in an cire taimakon wasu. Suna ƙidaya yadin da mai gudu ya ƙara bayan an fara taɓa shi, da yawan masu kayarwa da ya kubce wa. Suna duba faifan wasa su ga ko ya bi kafar da aka tsara ko ya bar ta, ko ya gane ɗan bayan da ke tahowa ya tare shi, ko koci ya amince ya bar shi a fili a dama ta uku, lokacin da kuskure ɗaya ke sa a kayar da kwatabak. Sababbin shiga da yawa a nan suke faɗuwa, domin a jami'a ba a cika neman su da tare mutum ba. Barkley ya ci wannan jarrabawa a mafi yawan fannoninta: kubcewa, cafka, riƙon ƙwallo, da juriyar buga wasa 16 ba tare da fashi ba. Inda ya rage masa shi ne haƙurin karɓar ƙaramin rabo, da tare masu kawo hari, wanda aka ci gaba da sukarsa a kai shekaru bayan haka. Masu kaɗa ƙuri'ar kyautar gwarzo ma ba su haɗu a kansa gaba ɗaya ba. Da ƙaramin rata ya doke Baker Mayfield, kwatabak na Cleveland, wanda ya kafa tarihin sabon shiga da jifa 27 masu maki.

Akwai abu ɗaya da kakar farko ba ta iya nunawa, kuma shi ne ya fi damun masu lissafin farashi: jiki. Babu aikin da ake yi wa mai shi taron dangi kamar wannan, kusan kowace ɗauka tana ƙarewa ne da ƙarti biyu ko uku a kansa. A 2019 Barkley ya ji ciwo a idon sawu, ya buga wasa 13, ya yi yadi 1,003. A mako na biyu na 2020, a wasa da Chicago Bears, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakar ta ƙare masa. A 2021 yadi 593 ya yi. Sai a 2022 ya dawo da yadi 1,312, Giants ta shiga wasannin sili ɗaya ƙwale har ta fitar da Minnesota, kuma wannan ce kaɗai kaka cikin shida da ya yi a New York da nasarorin ƙungiyar suka fi faɗuwarta yawa. Da aka zo sabunta kwantiragi a 2023, Giants ta ba Jones dala miliyan 160 na shekara huɗu, ta riƙe Barkley da yarjejeniyar shekara ɗaya ta kusan dala miliyan 10. Ƙungiyar da ta ƙi lissafin darajar aiki a 2018 ta dawo ta yi aiki da shi.

A 2024 ya koma Philadelphia Eagles a kan dala miliyan 37.75 na shekara uku, kuma abin da ya faru a can kowane ɓangare ya ɗauke shi a matsayin shaidarsa. A bayan katangar da ke da Lane Johnson, Jordan Mailata da Landon Dickerson, tare da kwatabak Jalen Hurts wanda shi ma abokan karawa ke tsoron gudunsa, Barkley ya yi yadi 2,005 a wasa 16, yadi 5.8 kowace ɗauka, ya zama mutum na tara a tarihin gasar da ya haura 2,000 da gudu kaɗai. Eagles ta ci wasa 14, Giants ta ci 3. Masu yabo suka ce ga abin da suka gani tun 2018 ya tabbata, domin wannan katanga ta yi aiki da wasu masu gudu a shekarun baya babu wanda ya kusanci wannan adadi. Masu suka suka ce ai wannan ne zancensu tun farko: Eagles ta fara gina katanga, ta samu kwatabak, sannan ta sayo mai gudu a matsayin rufin ɗaki, Giants kuwa ta sayi rufi kafin ta haƙa tushe.

Dukansu suna da gaskiya, saboda tambayoyi biyu ne aka cuɗanya tun farko. Ɗaya ita ce yadda ɗan wasan ya yi, amsarta kuma ba ta da wuyar samu: ya yi aikin da sababbin shiga kaɗan ne suka taɓa yin irinsa, a ƙungiyar da ba ta taimake shi ba, tare da aibin da aka ambata na yawan neman babbar kafa. Ɗayar ita ce ko ƙungiyar da ta ci wasa 3, mai tsohon kwatabak da katanga mai yoyo, ta yi dabara da ta sa gurbi na biyu a kan mai gudu. A nan nauyin hujja ya karkata ga masu suka, ba don Darnold ya fi ba, sai don shekarun da jikin Barkley ya fi ƙarfi sun ƙare a lokacin da ƙungiyar ba ta shirya cin moriyarsu ba. Wasan ƙarshe na gasar, wato Super Bowl, da aka buga a watan Fabrairun 2025 ya bar gardamar a inda take. Kansas City Chiefs ta tattara ƙarfinta a kan Barkley, ta tsayar da shi a yadi 57 cikin ɗauka 25, Hurts kuma ya samu sararin jifa, Eagles ta ɗauki kofi da ci 40 da 22.